Motata mai rawa da gwangwanin Fadila

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Fadila ta zo garaji da gwangwanin tumatir. Ciki akwai mayen ƙarfe bisa sifirin, ta naɗe shi da wayar tagulla. Wai in ta ɗaure shi jikin inji, rawar injin za ta ba da wuta. Da shi za ta shiga gasar makarantarsu ta lise ran Laraba ta sama. Na yi dariya. Shekara talatin ina hana inji rawa a Konni, ga ɗiyata tana neman rawar.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ta ɗaura shi ga tsohuwar motata, ampul, ƙaramin ƙwan lantarkin da ta haɗa masa, ya kama! Wallahi ya kama, batir ko bai kusa ba. Na ce "to, ba laifi." Sai da ta tafi na sake tada motar ni kaɗai.

Asabar, 11 ga Mayu
Maman Sani, makanisiyen da ke daura da ni, ya ce motata na kyarma kamar mai masassara. Gaban mutane! Take na ciro matattun robobin da ke riƙe inji na sa sabbi. Yanzu ko kofin shayi ka aza bisa, ba ya motsi. Maman Sani ya zo ya gani.

Litinin, 13 ga Mayu
Ampul ya ƙi kamawa. Ta kwance gwangwanin sau huɗu tana neman laifinta. Ta ce, "Baba, mi na ɓata?" Na juya ga aikina. Saura kwana biyu. Tuwon ma bai shiga ba.

Talata, 14 ga Mayu
Na tono tsoffin robobin daga shara, na maida su. Na faɗa mata gaskiya, ni na canza su na hana injin rawa. Ta sake ɗaura gwangwanin.

Laraba, 15 ga Mayu
Na ratsa tasha da rana tsaka, mota na kakkarwa, direbobi na ihu, "Wakili, hannu ya tsufa?" Na ɗaga masu hannu. Tsakar filin lakwal na tada inji, ampul ya kama gaban dirakta da malamai duka. Ta zo ta biyu. Alƙalan ba su san aiki ba. Da aka tambaye ta wa ya taimake ta, ta nuna ni. Ido ya yi min ruwa, hayaƙin mota ne.

Lahadi, 19 ga Mayu
Wani mai mota daga Illela ya ga tawa tana rawa, ya juya ya shiga wurin Maman Sani. Ya tafi ɗin. Fadila na son gwada gwangwani biyu sati mai zuwa, ta ce in bar injin yadda yake. Dama ba ni da lokacin taɓa shi.