Soson Tace Ruwan da Muka Daka a Turmi

Zuwa ga Shugaban Sashen Kimiyyar Sinadarai na jami'ar da ta turo mana masu bincike bakin tafkin Kainji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi wa Farfesa barka da aiki. Sunana Umaru Marini, mazaunin wani ƙauye a ƙasar Ngaski, rini ne sana'ata kuma shi na gada. Sau biyu ina aiko takarda ta hannun direban motar kifi, shiru. Lambar da aka bar mini kuma kullum a kashe. Shi ya sa na fito fili.

Tun da muka koma galurar kanti, ruwan rinina yake gangarawa ta kwata zuwa lungun da masunta ke ɗaure jirage. Sarkin Ruwa ya kai ƙarata wurin Hakimi, ya ce kifi ya bar wurin, mata kuma in sun kai farin zane wanki sai su dawo da shuɗi. Ban musa ba, don da idona na gani. Hakimi ya yanke hukunci: ko in gyara ruwana kafin damina ta faɗi, ko a cike mini ramukan rini da yashi.

Ana cikin haka sai ga mutanenku, Dakta Murjanatu da ɗalibanta. Sun zo da wani abu mai laushi kamar kunun da ya kwana ya daskare, launinsa na zoɓo, cikinsa duk ƙananan ƙofofi irin na soso. Dakta ta ɗebi ruwan rinina a kofi, ta barbaɗa wani farin gari, ta jefa gutsuren abin. Kafin in gama gyara hula ruwa ya washe. Ta bayyana mana cewa a cikin ƙofofin nan an dasa ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani, su ke hanzarta wargaza rinin, kuma ba sa ƙarewa, sai dai a wanke soson a mayar. Ta ja kunnenmu cewa ruwan ba na sha ba ne. Ta bar mini guda shida a kwandon waya cikin ramin da muka haƙa a bakin kwata, da gwangwanin garin. Mako biyu ruwana yana fita fes. Har Sarkin Ruwa ya amsa mini gaisuwa.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Ranar kasuwa aka yi wannan bayani, jama'a sun kewaye mu. Wani ya tambaya wane irin ƙarfe ne a ciki, Dakta ta buɗe baki ta ce zinariya. Farfesa, a ƙasar Yauri ba a faɗin wannan kalma da ƙarfi. Rabin mutanen da ke tsaye a wurin sun taɓa shiga ramin haƙar zinariya, sauran rabin suna shirin shiga. Gaskiya, Dakta ta ƙara da cewa duka abin da ke ciki bai kai a sayi alewa da shi ba, amma wannan ɓangaren ni kaɗai na ji shi. An koya wa mutanenku sinadarai, ba a koya musu mu ba.

Na biyu. Wata safiya na duba kwando, saura ɗaya. Ban sha wahalar bincike ba, don ƙarar daka nake ji daga gidan surukina Bawa, tsohon mai wankin zinariya. Da na yi masa magana, ko kunya babu ya ce mini, "Kai dai tsaya wajen rininka, Umaru. Mu munka san zinariya. 'Yan boko na son ɓoye muna ita cikin wanga abu." Ashe shi da abokansa huɗu ne suka kwashe biyar ɗin. Sun shanya sosunan a rufin ɗaki, sun daka, sun zuba a tasa, suna juyawa da ruwa kamar yadda ake yi a bakin rami, tun hantsi har la'asar. Abin da suka samu shi ne jan ruwa da ciwon baya. Kuna tsammanin sun yarda babu komai? Ina! Sai suka ce ni na riga na cire. Yanzu a kasuwa Alhaji ake kirana, wani ɗan'uwan da ya shekara goma bai san ƙofata ba ya taso daga Shanga takanas ya zo duba lafiyata.

Na uku, kuma wannan tsakanina da Allah ne. Na shidan ni na daka shi. Da na ga mutane biyar masu hankali sun dage, sai zuciyata ta ce ko dai akwai abin da Dakta ba ta faɗa mini ba. Ku ma ai bincike kuke yi, ni ma na yi nawa. Ina mai tabbatar wa jami'a cewa ma'aikaciyarku mai gaskiya ce.

Ruwana ya koma yadda yake, Sarkin Ruwa ya daina amsa gaisuwa. Ina dariya ne a takarda, amma wallahi hankalina a tashe yake. Na haura shekara sittin, hannuwana ba su san wani aiki ba, kuma a ramukan nan mahaifina ya tsufa.

Don haka ina roƙo:

1. A aiko mini da wasu sosunan, wannan karon a akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Makullin ma kada a ba ni, a ba Hakimi.
2. Dakta ta dawo ranar kasuwa ta gaya wa jama'a cewa ban ci zinariyar kowa ba.
3. In akwai wani ƙarfen da zai iya aikin, mai arha wanda ba ya tayar wa kowa da hankali, a yi da shi. In kuwa dole sai zinariya, a yi mana shiru.

A yi da hanzari, Farfesa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma jiya an sauke amalanken yashi biyu kusa da marinata. Ban tambayi na mene ne ba.

Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya da basira, ya albarkaci bincikenku, ya tsare shi daga turmi.

Wassalam.

Umaru Marini,
ƙasar Ngaski.