Inna, Na Kawo wa Baba Kogi a Gilashi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina roƙon Allah ya sa makwancinki ya yi sanyi. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma magana ta cika mini ciki, kuma ke kaɗai na saba kai wa ƙarar Baba.

Inna, Baba ya daina cin abinci.

Tun bayan rasuwarki da na ɗauko shi daga Katagum na dawo da shi wurina a Azare, ƙafa ta ƙi, hankalin ma yana zuwa yana tafiya. Wata rana ya gane ni, wata rana ya kira ni da sunanki. Kogi ne kawai bai manta ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da komar kamun kifi a kafaɗa, yau sai kallon rufin ɗaki. Likita ya ce jikin ba zai ɗauki jijjigar mota ba. Ya kuma ja ni gefe ya ce in lallaɓa shi da abin da yake so, don ba lallai ne kwanakin su yi yawa ba.

Shi ne na ce, to, tunda ba zai je kogi ba, bari kogi ya zo. Kar ki yi mini dariyar nan taki. Na sa mai haɗa tagogi ya yanka gilashi ya liƙa mini akwati, irin wanda ake zuba ruwa a shuka ciyayi a saki kifi. Ban san komai a kai ba, sai na koma ga abin da malamar makaranta ta iya, wato littafi. Ke ce mai cewa ko ɗaurin zani sai na duba takarda.

Malama Rifkatu da muke koyarwa tare ta ara mini nata. Hotuna ne kamar a shiga a zauna. Amma wai sai fitila ta wuni a kunne, injin tace ruwa kada ya tsaya ko na minti ɗaya, da wannan wutar tamu da sai ta ga dama. Har da na'urar ɗumama ruwa. A Azare, Inna! Garin da ruwan randa ma fifita yake nema.

Na biyu daga Kano na sa aka aiko mini. Shi kuma sunayen ciyayi ya jera waɗanda harshena ya kasa juyawa, ya ce a saya a shago mafi kusa. Na zaga kasuwa da hoton a hannu. Wani bawan Allah ya duba ya duba, ya raka ni har wurin mai alayyafo.

Na ukun tsoho ne, bangonsa ma ya fita. Shi ya ce a shimfiɗa laka a ƙasa, a rufe da yashi, a shuka abin da ke tsirowa a ruwan garinku, a ajiye kusa da taga. Shi na zaɓa, don shi kaɗai ya yi magana kamar ya san akwai irinmu. Na yi aike Katagum aka ɗebo mini laka da yashi da kainuwa da ciyawar bakin ruwa.

Ranar da na haɗa, ƙanshin lakar ya cika ɗakin. Baba ya ɗago kai da kansa, ya ja numfashi, ya ce ruwa ya fara janyewa. Ran nan ya sha koko rabin kofi. Na shiga kicin na yi kukana.

Ga inda gizo ke saƙar. Littattafan nan sun saɓa a kan komai, amma bakinsu ya zo ɗaya a abu guda: kada a saka kifi sai ruwan ya yi wata ɗaya ko fiye. Wai akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, sai sun zauna cikin yashi suna cinye ƙazantar kifin, in ba haka ba ruwan ya zama guba. Na bi shafi shafi ina neman wanda zai rage mini kwanaki. Babu. Kowa haƙuri yake ba ni, don ba su ga wuyan hannun Baba ba.

Ban iya jira ba. Na saki 'yan ƙananan karfasa guda biyu. Inna, da kin ga fuskarsa! Yana bin su da yatsa a jikin gilashi yana yi musu faɗa. Ba su yi mako ba na tarar da su sun juya ciki sama. Na kwashe su kafin ya farka.

Da ya buɗe ido ya leƙa, bai tambaye ni ba. Cewa ya yi sun shige ciyawa, a daina motsi, za su fito.

Tun ranar yake jira. Kin kuma san halinsa, kin san maganar da ya raine mu da ita, wai masunci ba ya gaisawa da kwano sai ruwa ya gaishe shi. In na kawo koko sai ya ture da bayan hannu, idonsa na kan gilashi. Na ce magani, ya ƙi. Na ce don Allah, ya ce in rage murya. In na ƙara saka wasu kifin, mutuwa za su yi, kuma wata rana zai riga ni gani. In na bi littafi na jira, ban san wa zan nuna wa kifin ba. Abin da na haɗa don ya ci abinci, shi ya hana shi ci. Wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Ina tuna ranakun da kogi ya hana shi. Rana ta take, yana zaune a kan yashi, fuska a murtuke, ba mai iya zuwa kusa. Sai ki ɗaura mayafi ki ɗauki kwanon fura, ni ina biye da ke da ludayi. Kina isa sai ki ce in tsaya daga nan. Ki durƙusa gefensa, ki faɗi wata magana ƙasa-ƙasa. Sai in ga kafaɗarsa ta sauka, ya miƙo hannu.

Ban taɓa tambayarki ba. Na ɗauka kina nan.

Jiya na yafa mayafinki, na durƙusa yadda kike yi. Ya juyo ya kira sunanki, ya karkato kunne yana saurare. Inna, jira yake in faɗa. Ya yi ta jira har ya gaji ya mayar da ido kan ruwa.

Me kike ce masa?

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya sassauta wa Baba, ya sa mini kalmar a baki tun yana iya haɗiya. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Jummai