Ku Goge Sunana Daga Bencin Coci

'Ya'yana, ni mahaifinku na sa aka rubuta wannan, hankalina garau, ba zafin ciwo ke magana ba. Likita ya ce zuciyar ta gaji, amma ni ban taɓa jin ƙarfi irin na makon nan ba!

Shekara talatin ina karanta wa jama'a maganar annabawa a coci, ina ɗaga murya, ina kallon wasu ta gefen ido. Da idona ya daina gani, surukata ce ke karanta mini. Ran Talata ta iso wurin da Ubangiji ya nuna ya gaji da waƙoƙi da hadayun masu tattake talaka, kuma shari'arsa na tafe. Na sa ta maimaita. Ashe da ni ake! Na yi kuka, sai kuma murna ta rufe ni, don an tashe ni tun ina da sauran numfashi. To, ku saurara.

1. Shagon katako a raba shi biyu. Rabi na ɗan farina, Babban Yaya, rabi na Dogo, tsohon kafintana. Kun san shi da yatsu uku a hannun dama, amma ba ku san dalili ba. Ranar Lahadi ce na kulle shi da sauran ma'aikata a shago su ƙarasa bencinan da na yi wa coci alkawari, ni kuwa ina can gaba cikin farar riga ina rera waƙa. Injin yanka ya cinye masa yatsu biyu. Da ya warke na sallame shi, wai aikinsa ya yi sanyi. Jiya na aika ya zo, na faɗi laifina a gabansa. Ya riƙe hannuna da wannan hannun ya yafe mini. Kai, da kun ga yadda na ci abinci bayan tafiyarsa!

2. Sunana da aka zana a jikin bencinan, a sa takardar goge katako a share shi tas. In fasto ya tambaya, kada ku yi mini kara, ku faɗa masa komai.

3. Gidan nan na mahaifiyarku ne muddin ranta. Ɗakin baya kuma na matar marigayi ƙanena, wadda na matsa wa har ta kwashe kayanta. Ku je da kanku ku ɗauko ta.

4. Auta, ke kika fara faɗa mini gaskiya a kan halina, na ce ba ki da kunya, yayyenki suka juya miki baya saboda ni. Ke ce da gaskiya. Wannan gaba ta mutu yau, kafin ni.

Kada ku jira a binne ni, ku fara gobe da safe, ina so in ji da kunnena. Ubangiji ya albarkace ku da 'ya'yanku, ya sa ma'aikatanku su riƙa ambatonku da alheri a bayan idonku. Ku riƙe juna, kada kujerar kowa ta zama wayam a gidan nan.