Sai Ya Kashe Inji

Da sunan Allah. Ni Barau Direba, na Yalwawa a cikin Dutse, nake wa 'ya'yana wannan rubutu a watan Zulƙida, shekara guda bayan ƙaddamar da shari'a. Hankalina garau yake. Ƙafafu ne suka kumbura suka ƙi ni, kuma wanda ya ƙare rayuwarsa a kan titi, kwanciya azaba ce gare shi. In juya dama, in juya hagu, raina ya ƙi kwanciya, shi ya sa na ce a miƙo mini biro.

Na ɗaya. Gidan nan da gonar Kafin Hausa a raba su yadda Allah ya ce. Na san ba a yi wa magaji wasiyya, saboda haka sauran maganata roƙo ne, amma roƙon uba.

Na biyu. Jak da akwatin sifanuna a ba abokina Malam Arzika makanike. Ku haɗa masa da roƙon ya kama bakinsa, don abin da ya ji da hantsi, kafin azahar ya kai Haɗeja.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni: autanku Abdulbaƙi. Tun yana ƙarami, jirgi ya gifta zuwa Kano sai ya bar tuwo ya fita da gudu. Da ya shiga kadet a sakandare yana fareti da bindigar katako, har ni na yi masa dariya. Sojan sama suka ɗauke shi, yanzu yana Kaduna yana koyon tuƙin ƙaramin jirgi, malaminsa a gefe. Bayan babbar salla za a bar shi ya tashi shi kaɗai karon farko, kuma wanda ya taho gida a irin wannan lokaci ba lallai ya koma ya sami kujerarsa ba. Ni kuwa ba na jin zan kai sallar.

Mu direbobi ba ma gaya wa mutum rasuwa yana kan sitiyari. Ko uwarsa ce, sai ya shigo tasha, ya kashe inji, an zaunar da shi an ba shi ruwa. Na taɓa ganin wanda aka tare a hanyar Gaya aka gaya wa, bai kai gida ba. Wannan a ƙasa ke nan, inda akwai gefen titi.

Don haka in ta Allah ta kasance, ku kai ni makwancina a ranar. Kada a kai sanarwa gidan rediyo. Ku je tasha ku gaya wa direbobin Kaduna ni na ce kada wanda ya ɗauki labarin. Masu gaisuwa za su tambayi ina auta, wasu har su ce bai kyauta ba. Ku ce umarnina ne.

Na huɗu. Ɗayyabu, kai ne babba, kuma da kai nake. Tun ƙaramar salla ba ka yi wa ƙanenka magana ba, don ya ƙi dawowa ya zauna maka a shago. Na san tsoro ne, ba ƙiyayya ba. Ni ma ina jin tsoron. Amma kada ka mai da makokina igiyar jawo shi gida. Safara'u 'yata, ke Ɗayyabu yake jin maganarki, ki tsaya a kansa.

Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada rabon gona ya raba ku. Allah ya yi muku albarka, ya sauko mini da yaron nan lafiya.

Ranar da zai tashi, Ɗayyabu, kai za ka je Kaduna da kanka, ba aike ba. Ka tsaya ka kalle shi a madadina. In ya sauka ya kashe inji, ka bar shi ya gama murnarsa, ka ba shi ruwa. Sannan ka gaya masa.