Takubban Ƙarƙashin Uwar Maƙera

Daren Talata, watan Rajab, Haɗeja

Yau Bature ya shigo maƙerata da tafinta, wai makamai suke nema. Ya ɗora takalminsa kan uwar maƙera, alhali a ƙarƙashinta na binne takubban mutanenmu da suka faɗi ranar yaƙi da Turawa.

Da suka fita ɗana Audu ya ce, "Baba, mu zuba su a kogi. Gobe da masu haƙa za su dawo, ɗaure ka za su yi."

Na ce a'a. Ni na ƙera su, na san mai kowanne. In ruwa ya ci su, wa zai tuna?

Na shimfiɗa tabarmata a bakin maƙera, ban ma san daga wa nake tsare takubban ba, Bature ko Audu.