Kaina a Cikin Randa

Dogon Dutsi, ran Talata, 1953

Zuwa ga Lantana, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan farkon damina mai tada ƙamshin ƙasa, furar sabon gero da aka dama da nonon safe. Gaisuwa mai yawa, da begen da takarda ba ta iya ɗauka.

Lantana, yau ƙafata ba ta taɓa ƙasa! Yaran lakkol, makarantarmu ta boko, sun ga malaminsu yana dariya shi kaɗai a gaban allo, har na rubuta musu kwanan wata sau biyu. Dalilina biyu ne.

Na farko, Yaro ya fito daga rijiya. Kin san shi, falken jakunan nan na cikin labarina, wanda na jefa a rijiya tun kafin girbi don kawai babin ya yi daɗi, sannan na kasa fid da shi. Kwana arba'in bawan Allah yana ciki, ni ina waje ina cizon alƙalami. Na kawo masa igiya, na rasa mai riƙe ta. Na kawo ɓarawo, na kawo kura, na yayyaga shafi goma sha ɗaya. Tuwo ya huce a gabana ba sau ɗaya ba. Yau da safe ina wanke fuska sai abin ya faɗo mini: yaushe rijiya ta taɓa wuni mata ba su zo mata ba? Ina ta neman jarumi, ashe mai guga tana hanya. Wace irin ƙwaƙwalwa Allah Ya ba ɗa namiji?

Da kina kusa da tuni kin gyara ni, kamar ranar nan a bakin rijiyarku ta Ɗan Kassari, da nake ba ki labarin wata yarinya da ta waiwaya da tulu a kai. Kika ce mai tulu ba ta waiwaye da wuya, da jiki duka take juyawa. Sai kika juya don ki nuna mini, sannu a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Wayyo ni! Tulun bai girgiza ba, ni ne na girgiza. Tun ranar ban sake rubuta mace ba sai na tambayi kaina ko Lantana za ta yarda.

Na biyu kuwa sai na fara da abin kunya. Ban san yadda Gwaggo Ajuma ta kai muku labarin ba, amma ga gaskiyarsa. So nake in ji yadda muryar mutum take a ƙasan rijiya, sai na cusa kaina cikin busasshiyar randar bayan ɗaki, ina kira, ni ne Yaro, ku fid da ni. Na ɗago ke nan, ga gwaggonki tsaye, ta biyo daga kasuwa don ta ga gidan da za ki zauna. Na gaishe ta, ta juya ta zuba a guje. Takalminta ɗaya yana nan na ajiye mata. Ban ga laifinta ba, matar da ta girma a Lugu, garin bori, ta ga ƙato da rana tsaka yana kiran kansa da sunan wani, me za ta ce in ba doguwa ta hau shi ba?

Amma Fati mai nono, wadda za ta ba ki wannan takarda, ta ce da gwaggo ta gama bayani gidanku ya yi tsit, ke kuwa kika ɗaga kai daga tankaɗe kika ce, "To, ya fito?"

Lantana! Duniya ta tsaya tana jimamin hankalina, ke kina jimamin Yaro. A ina aka taɓa yin irinki? Na sa Fati ta maimaita mini sau uku, na saye nononta duka, har yanzu ban san wanda zai sha ba. Ina sonki, ina sonki har abin yana ba ni tsoro.

Saƙon Babanku ya iso ni. Ya ce ran Juma'a in zo da littafin da masu magana a cikin kaina suke ciki, a ƙone shi a gabansa, in ba haka ba in manta da hanyar gidanku. Abokaina sun ce in kai tsohon kaye, littafin rubutun ɗalibai, wa zai bambance? Na ƙi. Sana'ata shirya abin da bai faru ba, amma a takarda, ba a zauren mahaifinki ba. Na zauna zan kwafe shi in ɓoye, na ga wannan ma yaudara ce, na ajiye alƙalami. Shi ke nan guda ɗaya, aikin shekara uku, kuma shi zan kawo.

Alfarma ɗaya zan roƙa, a bar ni in karanta shafi ɗaya kafin a hura wuta. In Baba ya ce sai me ya faru, mun tsira mu duka. In bai ce ba, zan miƙa da hannuna, ba zan yi gardama ba.

Sai dai ke ki sani tun yanzu, ya sanyin idona, wuta takarda take ci. Mutanen nan ba a littafi suke kwana ba. Za ki kira ni cin abinci ki iske ni ina faɗa da wanda ba ki gani, bana da baɗi, har mu tsufa. In ba za ki iya zama da wannan mijin ba, ki gaya wa Fati kafin Juma'a, in sha baƙin cikina a gida. In za ki iya, ki tsaya bayan dangar zaure, inda murya take kaiwa. Zan ɗaga ta don ke.

Naki, da littafi ko da toka, har ranar da za a mai da ni ƙasa,

Mani