Kurciyata a Hannunki

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ki ce mata ina lafiya, wankin kwanonin ba wuya, tsayuwar ce kawai.

Na ga hoton. Wato kurciyar da na yi wata bakwai ina tsugunno a bayan kicin kafin ta yarda ta ci tsaba a tafina, ke a kwana uku ta sauko miki? Madalla. Laifina ne da na koya miki fiton da nake mata.

Tsuntsayen nan ko kallona ba sa yi. Ni kaɗai nake cin abinci.

Allah ya yi miki albarka, kada ki fasa ba ta. Amma ki watsa mata a ƙasa. Ci a hannu kuwa, ki bar mini har in dawo.

Yayanki